Koyon ƙirar ado: gidan maigida, kwalejin sana'a, jami'a, gajeren kwas ko koyon kai?

Maƙerin ado shi ne wanda yake dafa ƙarfe a wuta ya buga shi ya fitar da ƙofar gida, shingen matakala, fitila, hannun ƙofa ko wani sassaƙe da za a kafa a fili, kuma zanen ya fito daga kansa. Abu uku ne suka haɗu a wannan sana'a: hannu mai iya sarrafa ƙarfe, ido mai iya zane, da kai mai iya lissafin kaya da kuɗi. Cikin hanyoyin koyo guda biyar da za a duba a nan, babu wadda take bayar da ukun nan cikakku. Don haka kafin ka tambayi wace hanya ce ta fi, fara tambayar kanka wanne ne cikin ukun ya fi yi maka ƙaranci, kuma wa zai tsaya a kanka ya gyara maka.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Na farko, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina: awa nawa za ka yi tsaye gaban maƙera da guduma a hannu, ƙarƙashin idon wanda ya iya. Ayyukan tushe ba su da yawa. Akwai jan ƙarfe ya yi tsawo ya sirance, tara masa kauri a wuri ɗaya, lanƙwasawa, hudawa, tsagawa, murɗawa, haɗa guda biyu a wuta, da ɗaure su da zobe ko ribiti. Ana iya bayyana su duka a yini ɗaya, amma kafin hannu ya faɗa sai an maimaita kowanne sau ɗaruruwa.

Ɗauki aiki mafi sauƙi, fitar da tsini a bakin sanda mai kusurwa huɗu ta milimita 12. Sabon shiga yakan faɗa ɗaya daga cikin kurakurai uku. Idan ba ya juya sandar kwata cif tsakanin bugu da bugu, kusurwoyin sai su karkace, sandar ta zama kamar an tura ta gefe. Idan bugunsa ba shi da nauyi, ko zafin bai ratsa ciki ba, fatar ƙarfen ce kawai take miƙewa, bakin ya buɗe gida biyu da rami a tsakiya. Idan kuma ya ci gaba da bugu a kan wannan ramin, sai ya ninke ya ɓoye, daga baya ya tsage. Gwani yana tsaye zai gane ko wanne ne daga bugu na uku, ya ce maka ɗaga sandar kaɗan, ko matso da ita gefen maƙera. Wanda ba shi da mai gyara zai iya shafe wata shida yana maimaita kuskuren har ya zame masa jiki.

Ma'auni na biyu, zane. Ana nufin zanen takarda da fensir, da zanen cikakken girma a kan teburin ƙarfe da alli, da iya karanta zanen magina. Na uku, kuɗi, kuma kuɗin ba na makaranta kaɗai ba ne: akwai ci da masauki, akwai kayan aiki, akwai albashin da ka rasa a shekarun da kake koyo. Na huɗu, ɗorewa, wato ko abin da ka samu zai ci gaba da yi maka aiki bayan shekara goma. Na biyar, sauƙin shiga. Na shida, haɗari, na jiki da na ɓata lokaci.

Zama a gidan maigida

Wannan ce hanya mafi tsufa, kuma har gobe babu wadda ta kai ta wajen gina hannu. Kana aiki awa bakwai ko takwas kullum a kan kayan da mai shi yake jira, ba kayan gwaji ba. Idan shingen matakala yana buƙatar sanduna tamanin masu murɗi iri ɗaya, kai za a ba, kuma kafin ka kai ta tamanin ka san yadda ake sa murɗi ya daidaita: zafi ya zama ɗaya a duk tsawon wurin, domin inda ya fi zafi nan murɗin yake matsewa. Za ka ga yadda ake auna wuri, yadda ake yanke farashi, yadda ake loda ƙofa mai nauyin kilo ɗari biyu a mota, da abin da ake yi idan an je kafawa aka tarar ginin ba a miƙe yake ba. Babu ajin da yake koyar da waɗannan yadda suke.

A wasu ƙasashe an tsara abin da doka. A Jamus, mai koyon aikin ƙarfe a fannin ƙirar ado yana yin shekara uku da rabi, yana raba lokacinsa tsakanin maƙera da makarantar sana'a, ana biyansa ɗan alawus, a ƙarshe ya zauna jarrabawa a yaye shi da shaidar da kowa ya yarda da ita. A Faransa akwai ƙungiyar Compagnons du Devoir, inda matashi yake zagaya garuruwa yana aiki a hannun iyayen gida daban-daban, tsarin da UNESCO ta sa cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2010. A wurare da yawa kuwa babu takarda, yarjejeniyar baki ce tsakaninka da maigida.

Manyan maƙeran ƙarni na ashirin da dama ta nan suka biyo. Francis Whitaker ya yi koyo a maƙerar Samuel Yellin a Philadelphia ta Amurka, sannan ya wuce Balin ta Jamus wurin Julius Schramm. Philip Simmons na garin Charleston a Amurka ya shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha uku, ya kuma bar ƙofofi da shingaye ɗaruruwa a garin kafin rasuwarsa a 2009.

Ta fuskar kuɗi ita ce mafi sauƙi, tunda ba ka biya, wani lokaci ma a biya ka. Ta fuskar ɗorewa, hannun da aka gina a shekara uku ko huɗu na aikin kullum ba ya gushewa. Wahalarta a shiga take. Yawancin maƙerun ado na mutum ɗaya ne ko biyu, kuma ɗaukar wanda bai taɓa riƙe awartaki ba asara ce gare su a shekarar farko, saboda yana cin lokacin maigida yana kuma ɓata ƙarfe. Wanda ya zo da ƙugiyoyi da awartakin da ya ƙera da kansa ya fi samun karɓuwa nesa ba kusa ba.

Haɗarin iri biyu ne. Na ɗaya, ka shiga wurin da sunansa maƙera amma aikinsa yanka da walda ne, ana sayo furanni da naɗe-naɗen da inji ya buga ana liƙawa. Za ka yi shekara biyu kana gurza walda da shafa fenti, wuta ba ta ga hannunka ba. Kafin ka amsa, je ka duba da idonka: murhun yana da ɗumi ko ƙura ta rufe shi? Awartakan da ke rataye ƙirar gidan ne? Tambayi maigida kai tsaye kwana nawa a mako ake hura wuta, kuma a wata na nawa zai bar ka ka yi aiki daga farko har ƙarshe. Na biyu, ka fito da salon maigidanka kaɗai. Shi yake zane, kai kake bugawa, kuma bayan shekara huɗu idan aka miƙo maka farar takarda sai ka rasa ta inda za ka fara. Maganin wannan shi ne ka riƙe littafin zane tun ranar farko, ka kuma nemi ajin zane na yamma ko na ƙarshen mako.

Kwalejin sana'a, shekara ɗaya zuwa biyu

A nan an jera darussa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma an yarda ka ɓata ƙarfe, abin da maigida ba zai so ba. Makarantar ƙira ta ƙasa da ke Holme Lacy kusa da Hereford a Ingila misali ce sananniya. Irin wannan makaranta tana fara ka da hura wuta da tsaftace ta, sannan tsini, zobe, ƙugiya, sannan ka ƙera kayan aikinka: kurfi, abin huda, awartaki. Daga nan a shiga haɗi a wuta da ba ƙarfe ruwa, a ƙara da walda ta lantarki da karatun zane.

Fa'idar da ba a cika ambata ba ita ce ana gaya maka dalili. Haɗin wuta ya isa misali. Ƙarfe mai laushi yana haɗuwa ne idan ya kai fari-fari, wajen digiri 1,250 zuwa 1,300 a ma'aunin Salsiyas, kuma tazarar da ke tsakanin wannan da ƙonewa ƙarama ce. Idan ka ga yana fesa tartsatsi sosai, ya soma ƙonewa. Ana barbaɗa boraks, wani farin gari, tun ƙarfen yana ja don ya narkar da ɓawon da iska take haifarwa a fatarsa. Ana fasalta bakunan biyu su ɗan yi tudu a tsakiya, yadda bugun farko zai haɗa tsakiya ya tura datti waje. Bugun farkon kuma mai sauƙi ne da sauri, domin mai ƙarfi zai sa guda biyun su zame. Idan haɗi ya ƙi, ɗaya ne cikin huɗu: wuta mai datti da kashin maƙera a gindinta, iska ta yi yawa, guda ɗaya bai kai ɗan'uwansa zafi ba, ko an yi jinkiri tsakanin murhu da maƙera. Malamin kwaleji aikinsa ke nan ya zauna ya warware maka wannan. Maigidan da ake bin sa aiki zai iya karɓe awartakin ya haɗa da kansa.

Kuɗinta matsakaici ne, ya fi na gajeren kwas, bai kai na jami'a ba, amma sai ka ciyar da kanka tsawon lokacin. Shiga ba ta da wuya idan akwai irin makarantar inda za ka iya zuwa, sai dai ba su da yawa a duniya. Abin dubawa shi ne yawan ɗalibai a kan kowane murhu. Idan mutum uku suna jiran wuta ɗaya, awa shida ta zama biyu. Rauninta kuma sauri: ɗalibi yana iya yin yini a kan abin da maƙerar kasuwa take so a gama cikin minti arba'in. Shi ya sa ban ɗauke ta a matsayin ƙarshen koyo ba. Ƙofa ce mai kyau ta shiga gidan maigida da daraja.

Digiri a makarantar zane

Kwalejin zane ta Hereford tana da digirin shekara uku a ƙirar ado kanta. A Amurka, Jami'ar Kudancin Illinois da ke Carbondale tana koyar da ƙira har matakin digiri na biyu, shirin da L. Brent Kington ya assasa, sannan akwai American College of the Building Arts a Charleston, mai digirin shekara huɗu da ya karkata ga aikin ƙarfe na gine-gine.

Abin da kake saya a nan lokaci ne da ido. Ana tilasta maka ka yi zane kullum, ka gwada tunaninka da yumɓu ko kwali kafin ka taɓa ƙarfe, ka tsaya gaban malamai da 'yan aji ka kare dalilin da ya sa wannan layi ya lanƙwasa haka. Za ka karanci tarihin aikin ƙarfe, ka koyi ɗaukar hoton aikinka da rubuta takardar neman kwangila ko tallafi. Kana kuma samun kayan da sabon shiga ba zai iya saya ba, irin su gudumar inji da matsi mai aiki da mai. Albert Paley ta ƙofar makarantar zane ya shigo, a matsayin maƙerin kayan ado na zinariya da azurfa, kuma ƙofofin da ya ƙera wa gidan baje kolin Renwick a Washinton a 1974 suna cikin ayyukan da suka sauya yadda ake kallon ƙirar zamani.

Ita ce hanya mafi tsada, musamman ga ɗalibin da ya fito daga wata ƙasa, wanda yawanci kuɗinsa ya fi na ɗan ƙasa, ga biza ga masauki. Takardar tana ɗorewa idan kana son koyarwa, ko aiki da gidajen tarihi, ko neman manyan ayyukan fili da hukumomi suke bayarwa. Mai son a yi masa ƙofar gida kuwa ba zai tambaye ka digiri ba, hoton ƙofar da ka taɓa yi zai nema. Haɗarin a fili yake: ka fito da bashi, da tunani mai kyau, da hannun da bai yi saurin da zai ciyar da kai ba, domin rabin lokacin ya tafi a ɗakin zane da rubutu. Masu amfana sosai su ne waɗanda suke cika kowane hutu da aiki a maƙerar wani. Kafin ka biya, nemi ganin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe, ka duba mahaɗan da kyau. Idan siffar tana da kyau amma duk mahaɗan walda ce aka gurje, ka san abin da ake koyarwa da abin da ba a koyarwa.

Gajerun kwasa-kwasai

Daga na yini ɗaya zuwa na mako biyu. Makarantu irin su John C. Campbell Folk School, wadda aka kafa a 1925, da Penland, dukansu a jihar North Carolina, suna gudanar da su duk shekara, haka nan maƙera masu zaman kansu da yawa a maƙerunsu. Ƙungiyar maƙeran ado ta Arewacin Amurka, ABANA, da aka kafa a 1973, tana da manhaja mai mataki uku da ake bi a hankali, ta Birtaniya kuma, BABA, an kafa ta a 1978, kuma tana shirya tarukan da ake ƙira tare.

Idan aka lissafa a kan awa, babu hanyar da ta fi wannan tsada. Idan aka lissafa jimilla, tana cikin masu araha. Amfaninta biyu ne, ɗaya a farkon hanya, ɗaya a ƙarshenta. A farko, kwana biyu gaban wuta sun isa su gaya maka ko jikinka da ranka suna son zafi, ƙara da tsayuwa, kafin ka ajiye aikinka ko ka ci bashi. Ina ganin kowa ya kamata ya fara da wannan, ko wace hanya zai bi daga baya. A ƙarshe kuma, wanda ya riga ya iya yana zuwa mako ɗaya wurin gwanin abu guda, kamar fitar da ganye da fure ko ƙirar makulli, ya ɗauke shi.

Abin da ba ta yi shi ne mayar da mutum maƙeri. Abin da aka koya a kwana biyar yana zubewa cikin wata biyu idan babu wutar da za a koma a maimaita. A kula kuma da kwasa-kwasan da aka shirya don nishaɗi, inda malami yake yin rabin aikin don kowa ya tafi gida da wuƙa mai sheƙi. Kwas mai amfani shi ne wanda ka fito da tsini goma, na goman ya fi na farko.

Koyon kai da littafi da bidiyo

Kayan farawa ba su da yawa: maƙera mai nauyin kilo 50 zuwa 70, ko ma dunƙulen ƙarfe mai kauri da aka ɗaure a kututture, guduma mai kilo ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, awartaki biyu, magagari, da murhun gawayi, kwal ko gas. Fuskar maƙerar ta zo daidai gaɓoɓin yatsunka idan ka tsaya ka dunƙule hannu, ko ta ɗan ɗara. Fara da ƙarfe mai laushi sabo, milimita 10 ko 12, wanda ka san ko mene ne. Tsohon sifirin mota yana da amfani wajen kurfi da abin huda, amma yakan zo da tsagar da ido ba ya gani, kuma idan ka tsoma shi a ruwa maimakon mai zai iya fashewa.

Tana cikin masu arha, babu hanyar da ta fi ta sauƙin shiga, kuma babu wadda ta fi ta haɗari, domin abubuwan da suke illata maƙeri ba sa fitowa a bidiyo. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin na bututun ruwa, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji idan ya shiga wuta, don haka kada ya kusanci murhu. Murhun gas ko gawayi a ɗaki rufe yana tara iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa. Ƙarfen da ya daina ja ya koma baƙi yana iya kasancewa a digiri 400, shi ne ya fi ƙona sababbi. Kaya masu roba-roba suna narkewa su manne a fata, auduga da fata ake sawa. Ƙarar maƙera da injin gurza tana cin ji a hankali ba ta dawo da shi. Sai kuma guiwar hannu: mai damƙe ƙotar guduma da ƙarfi, ko mai ɗora babban yatsa a bayanta, ko mai fara da guduma mai kilo biyu don ya yi sauri, yana sayen ciwon da zai iya raba shi da sana'ar.

Akwai kuma gibin da ya shafi aikin ado kai tsaye. Mai koyon kansa yakan tsaya a ƙananan kaya, domin ba shi da wanda zai nuna masa yadda ake lissafin babban aiki: cewa ƙarfe yana ƙara tsawo da kusan kashi ɗaya cikin ɗari idan ya yi ja, don haka awon da aka yi da zafi zai gaza idan ya huce, cewa kowace huda da aka buɗe a jikin sanda tana sauya tsawonta, sai an yi gwaji a guntu an auna kafin a jera ramuka goma, cewa ribiti yana buƙatar rarar tsawo kamar kaurinsa ɗaya da rabi don a yi masa kai, cewa dokar gini a Birtaniya ba ta yarda tazarar sandunan shinge ta bar ƙwallo mai faɗin milimita 100 ya wuce ba, a Amurka kuma inci huɗu. Wannan hanya tana aiki ne kawai idan aka haɗa ta da ƙungiyar maƙera da ake zuwa a kai a kai, inda za ka ajiye aikinka a tebur wani ya juya shi ya gaya maka gaskiya.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Tsawon lokaci | Kuɗi | Awanni gaban wuta | Koyon zane | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gidan maigida | Shekara 3 zuwa 4 | Kaɗan, wani lokaci da alawus | Masu yawa ƙwarai idan gidan na ƙira ne | Kaɗan | Da wuya | Ƙarewa a walda da gurza. Salon mutum ɗaya |
| Kwalejin sana'a | Shekara 1 zuwa 2 | Matsakaici | Masu yawa | Zanen awo, ba na ƙirƙira sosai ba | Da sauƙi inda take | Rashin saurin kasuwa |
| Digirin zane | Shekara 3 zuwa 4 | Mai yawa | Matsakaita | Mai zurfi | Sai da samfurin ayyuka | Bashi da hannu mai nauyi |
| Gajeren kwas | Yini 1 zuwa mako 2 | Kaɗan a jimilla, tsada a awa | Kaɗan | Kusan babu | Da sauƙi ƙwarai | Mantuwa |
| Koyon kai | Ba iyaka | Kuɗin kaya kawai | Gwargwadon himmarka | Gwargwadon himmarka | Babu shamaki | Rauni a jiki. Kuskure ya zama ɗabi'a |

Akwai mataki guda da bai shiga jadawalin ba saboda ba a farawa da shi, wato yawon aiki bayan an yaye ka. A al'adar Jamus, wanda ya gama koyo yana iya fita yawo na shekara uku da kwana ɗaya, bai kai shekara talatin ba, ba aure ba bashi, kuma ba zai kusanci garinsu da ƙasa da kilomita hamsin ba. Ba sai ka bi wannan tsari ba kafin ka ɗauki hikimarsa. Wata uku-uku a maƙeru huɗu suna nuna maka hanya huɗu ta yin mahaɗi ɗaya, kuma daga nan ne mutum yake fara zaɓen tasa.

Wace ce ta dace da wa

Matashin da bai da nauyin iyali, yana son ya ci abinci da ƙofofi da shingaye: shekara ɗaya a kwalejin sana'a, sannan gidan maigida, da ajin zane a gefe. Wannan jeri shi ne na fi amincewa da shi ga yawancin mutane. Idan babu kwaleji kusa, gajerun kwasa-kwasai biyu da wata shida na maimaitawa a gida za su ba shi abin da zai nuna wa maigida.

Wanda ya riga ya iya zane ko sassaƙa, ƙarfe ne sabo a wurinsa: kada ya sake biyan kuɗin abin da yake da shi. Hannu yake nema, don haka kwaleji ko maigida. Akasinsa shi ne mai walda ko maƙerin kayan aiki da hannunsa ya faɗa amma bai taɓa zana nasa ba. Shi ne wanda makarantar zane za ta fi yi wa amfani, domin zai shiga da saurin da sauran ɗalibai ba su da shi, ya ba da dukan hankalinsa ga siffa. Idan digiri ya fi ƙarfin aljihunsa, darussan zane na yamma da kwasa-kwasan mako ɗaya wurin maƙeran da aikinsu yake burge shi za su rufe kaso mai yawa na gibin.

Mai son koyarwa a babbar makaranta, ko baje koli, ko manyan ayyukan fili: digiri, kuma ya tsara tun farko a wace maƙera zai yi kowane hutu. Mai son gyaran tsofaffin ƙofofi da shingayen tarihi ya nemi maigidan da wannan ne aikinsa, domin tsohon ƙarfe mai zare-zare ba ya ɗaukar bugu irin na ƙarfen yau, yana son zafi mai yawa, kuma yana tsagewa bin zarensa idan aka buge shi da sanyi.

Magidanci mai aiki da iyali, wanda ba zai iya ajiye albashi ba: kwas na ƙarshen mako, ƙaramin murhu a wuri mai iska, awa shida zuwa takwas a mako a kan manhaja mai mataki irin ta ABANA, da zuwa taron ƙungiya a duba masa aiki. Zai ɗauki shekaru fiye da sauran, kuma kada ya karɓi aikin da ran mutum zai dogara a kai, kamar shingen bene ko babbar ƙofa mai lilo, sai ya taɓa kafa irinsa tare da wanda ya iya.